A kwantar da mota, a ɗaga ta, ko a bar ta yadda ta zo? Tsayin mota da saitin taya a titunan Zariya

Cikin mako guda mutum biyu suka same ni da buƙatun da a ido kishiyoyin juna ne. Na farko ɗan yayata ne da ke Tudun Wada. Ya sayi Honda Accord ƙirar 2004, wadda dillalai ke kira EOD, ya cire rim ɗinta na asali ya sa mai inci 18, sai ya ga sararin da ke tsakanin taya da fenda ya yi masa yawa. Ya ce, "Kawu, so nake ta ɗan kwanta. An ce akwai mai yanke sifirin, in na kai da safe kafin la'asar ya gama." Sifirin shi ne naɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota a kowace ƙafa. Na biyu abokin aikina ne mai Corolla ƙirar 2006. Ya gina gida can bayan Samaru inda kwalta ba ta kai ba, tun da damina ta kankama cikin motarsa ke shan ƙasa safe da yamma. Shi kuma ɗaga ta yake so a yi.

Abu ɗaya suke shirin taɓawa su duka. Waɗanda suka ƙera mota sun auna kowane ƙarfe na ƙafarta a kan tsayi guda. Ka saukar da ita ko ka ɗaga, hannayen da ke riƙe da taya sun bar inda aka ajiye su, taya kuma ta daina taka ƙasa yadda aka tsara mata. Shi ya sa ba a raba maganar tsayi da maganar alaimen, wato saitin taya. Wanda ya biya kuɗin ɗaya ya manta da ɗayan, a wurin mai sayar da taya zai biya ragowar.

Kafin a zo ga zaɓi, a ari tef irin na kafinta. A tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen siminti, daɓen gidan mai ya isa, a auna daga tsakiyar rim zuwa leɓen fenda a ƙafafu huɗu. Kada a auna daga ƙasa, domin iskar taya za ta shiga lissafin. Idan hagu da dama sun bambanta da fiye da milimita 10, akwai sifirin da ya gaji ko ya karye, wannan kuwa gyara yake so tun kafin a yi zancen kwalliya. Daga nan a duƙa a nemo abin da ya fi kusa da ƙasa a cikin motar, ko kaskon inji ne ko salansa, a auna. Yawancin ƙananan motocin da muke hawa za ka samu tsakanin milimita 130 zuwa 160. Sai kuma a loda mata abin da take ɗauka ranar biki, mutum biyar da kaya a but, a sake aunawa. Lambar nan ta biyu ita ce tsayin motarka na gaskiya, da ita za ka hau tudun rage gudun da mutanen unguwa suka gina da kansu, da ita za ka tsallake layin dogo, da ita za ka hau silab ɗin ƙofar gidanka.

Wahalar motar Zariya ke nan, aiki biyu take yi. Tun da aka sake gina babbar hanyar Kaduna zuwa Kano, mutum na so motarsa ta zauna daram a gudu. Amma motar nan ce dai za ta dawo ta shiga lungunan cikin Birni, ta bi hanyar Hayin Dogo cikin watan Agusta. Babbar hanya na son mota ƙasa-ƙasa, unguwa na son ta a sama. Ni a ganina hanyar da ta fi muni cikin waɗanda kake bi kullum ita ce mai yanke hukunci.

Mu fara da masu son saukewa, mu kuma fara da yankan sifirin tunda shi ya fi yawa, shi ne kuma ya fi araha. Na taɓa yi a wata Golf 3 da na yi amfani da ita shekarun baya, a wani gareji da ba sai na ambata ba. An yanke zagaye ɗaya da rabi a kowace ƙafa, motar ta yi kyau a ido ƙwarai. Ba a yi wata uku ba gefen ciki na tayoyin gaba ya cinye har waya ta leƙo, alhali daga waje in ka kalle su sai ka ce sababbi ne. Wata rana kuma a hanyar Giwa na faɗa rami, ƙafar baya ta saki gaba ɗaya, sifirin ya tashi daga mazauninsa ya koma a karkace. Da iyalina a motar. Allah ya kiyaye, amma tun ranar ban sake ɗaukar wannan aiki a matsayin ƙaramin abu ba.

Ga abin da ke faruwa. Sifirin sandar ƙarfe ce da aka naɗe, yawan zagayen da ke aiki shi ke ba shi taushi. Idan zagaye shida ke aiki aka yanke ɗaya, taurinsa ya ƙaru da kashi 20 cikin ɗari. Wani zai ce ai hakan ya yi, mota ta ƙara ƙarfi. Matsalar ita ce tazarar da ta rage wa ƙafa ta yi motsi ta ragu fiye da yadda taurin ya ƙaru, don haka kowane rami sai ƙafar ta kai ƙarshe ta daki robar da ke kan sandar shokozoba. Wannan dukan shi ke kashe shokozoba, shi ke tsaga mazauninta na sama. Sannan bakin sifirin na kamfani an lanƙwasa shi ne daidai da kwanon da yake zama a ciki. In an yanke, wannan bakin ya tafi, ga shi kuma sifirin ya gajarce, da zarar taya ta rataya babu abin da ke danne shi. Mafi muni shi ne masu gasa shi da wutar walda har ya zauna. Zafi na kashe ƙarfin ƙarfen, sai ya ci gaba da zama a hankali, kowace ƙafa da nata tsayin, wata rana ya karye ba sallama. Wannan hanya ba na ba kowa shawarar bin ta, ko da milimita 10 yake nema.

Hanya ta biyu ita ce sifirin da aka ƙera tun farko don saukar da mota, irin na Eibach ko H&R, kamfanonin Jamus. Yawanci suna saukarwa da milimita 25 zuwa 40, an lissafa taurinsu daidai da nauyin motar, bakinsu kuma na zama a kwano kamar na asali. Idan dole sai an sauke, nan ne hankali ya fi kwanciya. Sharuɗɗa biyu ne kawai. Shokozoba ta zama mai lafiya, domin wadda ta riga ta gaji ba za ta iya riƙe sifirin mai tauri ba, mota sai ta riƙa tsalle kamar kwale-kwale. In saukewar ta wuce milimita 30, an fi so a haɗa da gajeriyar shokozoba da aka yi don haka, irin Bilstein B8. Sharaɗi na biyu, a duba lambar da ke rubuce a jikin sifirin a tabbatar na wannan motar ne. A kasuwar kayan Beljiyam za a miƙo maka jan sifirin a ce "na Honda ne, Alhaji," amma na mai silinda huɗu daban, na V6 daban, saboda nauyin injinsu ba ɗaya ba.

Hanya ta uku ita ce koyiloba, wato shokozoba mai tiredi a jiki kamar noti, ana murɗa zoben da sifirin ke zaune a kai a ɗaga ko a sauke yadda aka ga dama. Samari na sha'awarta saboda tunanin da rani a kwantar, da damina a ɗaga. A zance abin da daɗi. A aikace duk murɗawa ɗaya sai an koma an sake alaimen. Ƙurar hunturu da lakar damina kuma na shiga tiredin, in ba ana wankewa ana shafa masa mai ba, shekara guda ta isa zoben ya ƙame. Masu kyau, irin KW ko Tein, kuɗinsu kan kai na tayoyi saiti biyu ko fiye. Masu arha kuwa taurinsu na filin tsere ne, daga PZ zuwa Kwangila kawai bayanka zai ba ka labari. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: tunda kowace ƙafa ana murɗa ta ita kaɗai, ana iya samun motar ta yi daidai a tef amma nauyinta ya taru a kan ƙafar gaba ta hagu da ta baya ta dama, kamar tebur mai gajeriyar ƙafa. Ana gane wannan ne da sikeli huɗu a ƙarƙashin tayoyi. Wanda ke da mota ta biyu ta sha'awa, BMW ko Marsandi da ba ita ke kai yara makaranta ba, koyiloba ta dace da shi. Mai mota ɗaya ya bar ta.

Ko wace hanya aka bi, akwai iyakar da kowa zai iya gani da idonsa. A leƙa ƙarƙashin gaba a dubi lowa-am, wato hannun ƙasa da ke riƙe da taya. A tsayin kamfani, bakinsa na wajen taya yana ɗan ƙasa da na wajen jikin mota, ko su yi daidai. Idan an sauke har bakin wajen taya ya koma sama, an wuce gona da iri. Daga nan mota ta fi son kwantawa a kwana duk da ta matso ƙasa, tayirod kuma, wato sandar da ke haɗa sitiyari da taya, ya karkace, duk ramin da taya ta shiga sai sitiyari ya fizge da kansa.

To amma ɗan yayata ma ba sifirin ne matsalarsa ba. Tayar da aka sa masa a rim 18 ɗin 225/40 ce, wato faɗinta milimita 225, naman gefenta kashi 40 cikin ɗari na faɗin. Motar da 205/60R16 ta zo, wadda tsayinta daga ƙasa zuwa sama ya kai milimita 652. Sabuwar kuwa 637 ce. Ashe tayar ce ta ƙanƙance da milimita 15, shi ya sa ramin fenda ya yi masa fayau, ita kuma motar ta riga ta matso ƙasa da kusan milimita 8 bai sani ba. Da 225/45R18 aka sa, tsayinta 660, sararin nan zai ragu da milimita 11 ba a taɓa ko noti ɗaya ba, cikin motar ya ƙara nisa da ƙasa, naman gefen taya kuma ya tashi daga milimita 90 zuwa 101. Naman nan shi ne matashin farko tsakanin rami da rim. A titunanmu ina ganin inci 17 ne ƙarshen abin da ya dace da irin wannan mota, amma tunda ya riga ya sayi 18, gyara lambar taya ya fi komai sauƙi. A dai murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama a tabbatar ba ta goga.

Masu son ɗagawa sun fi samun uzuri a wurina, domin larura ce ta kawo su. Sai dai tambayar farko ita ce, motar gajeriya ce ko zama ta yi? Corolla ƙirar 2006 ta doshi shekara ashirin a kan sifirin ɗaya, ta sha lodi. Sau da yawa sabon sifirin na asali kaɗai ke mayar da ita inda take. A nan mutane kan yi kuskure su sayi sabuwar shokozoba suna jiran mota ta tashi. Sifirin ne ke ɗauke da nauyi, aikin shokozoba hana shi rawa.

Idan an yi wannan ba ta isa ba, abin da na fi yarda da shi shi ne sifesa, wato zoben alminiyam ko roba mai tauri da ake sawa tsakanin kan shokozoba da jikin mota, a haɗa da dogayen kusoshi. Tana tura dukkan ƙafar ƙasa, don haka taushin motar bai canza ba, tazarar motsin shokozoba ma tana nan. Milimita 20 zuwa 25 ya wadatar. In aka haura 30, shaf, sandar da ke juya taya, ya fara aiki a karkace, robarsa ta riƙa yagewa, boljoyin, gaɓar da ƙafa ke juyawa a kai, ya kusa ƙurewa, tiyon birki da wayar ABS su miƙe idan taya ta rataya. Robar da ake cusawa tsakanin zagayen sifirin kuwa kashe zagayen take yi, ta tara wahala a kan sauran, ga shi tana faɗuwa a hanya. Sa sifirin wata babbar mota shi ma yana ɗagawa, amma sai shokozoba ta zauna a miƙe, duk tudun da aka sauka ka ji ƙwas. Taya ma na taimakawa kaɗan: daga 195/65R15 zuwa 205/65R15 mota na tashi da milimita 6 zuwa 7, agogon gudu kuma ya riƙa rage maka kashi 2 cikin ɗari, yana nuna 100 kana kan 102. Farantin ƙarfe a ƙarƙashin kaskon inji, wanda mai walda nagari zai yanka ya ɗaure da noti, sau da yawa ya fi ƙarin tsayi amfani.

Dattawan da suka tuƙa Fijo 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, har yau suna yabon yadda take cin hanyar ƙauye. Sirrinta bai tsaya a nisan ciki da ƙasa ba. Ƙafarta na da doguwar tazarar motsi da sifirin mai taushi, taya na bin rami ta fito ba tare da jiki ya sani ba. Duk gyaran da zai cinye wannan tazara, sama aka yi ko ƙasa, ya rage wa mota abin da ta fi buƙata a nan.

Yanzu ga alaimen, inda kuɗi ya fi zurarewa. Kusurwa uku ake magana a kai. Ta farko kamba. Ka tsaya a gaban mota ka dubi tayoyi: in kawunansu sun shiga ciki gindinsu ya buɗe, sun yi gwame ke nan, a na'ura za ka ga lambar da alamar ragi a gabanta. In kawunan ne suka buɗe, kamar mai cassa, akasin haka. Saukar da mota na ƙara gwame, ɗagawa na rage shi. Ta biyu kasta, ita ce ke mayar da sitiyari tsakiya bayan an sha kwana. A yawancin motocinmu ba a saita ta, in ta bambanta hagu da dama to wani ƙarfe ya lanƙwashe. Ta uku ita ce inda tayoyin suka fuskanta in ka kalle su daga sama: goshinsu ya tsuke, kanikawa su ce to-in, ko ya buɗe, su ce to-awut.

Kowa gwame yake zargi idan taya ta cinye ta ciki, saboda shi ido ke gani. Amma babban ɓarawon taya shi ne to-in da to-awut. A rim mai inci 16, idan gaban rim da bayansa suka bambanta da milimita 2 kacal, kusan kwatan digiri ke nan. Ma'anarsa a kowace kilomita ɗaya tayar na son ta kauce gefe da kusan mita 5, mota na jan ta tana dawo da ita. Daga Zariya zuwa Kaduna, wajen kilomita 80, an ja tayar a kaikaice kusan mita 400 a kan kwalta mai zafi. Gwame na digiri ɗaya shi kaɗai taya za ta daɗe da shi. Gwame ya haɗu da to-awut kuwa, duk gogar nan a kan siririn gefen ciki take sauka, abin da ya cinye tayoyin Golf ɗina ke nan. Kuma duk motar da aka canza wa tsayi, ko da milimita 15 ne, wannan saitin ya motsa, domin tayirod da lowa-am ba sa zana baka iri ɗaya.

Tafin hannu na iya faɗa maka wanda ya yi ɓarnar. Shafa shi a kan taya daga ciki zuwa waje, ka dawo. In ta yi santsi ta ɗaya gefen ta yi kaifi ta ɗayan kamar haƙoran zarto, to-in ne ko to-awut. In gefe guda ya cinye sumul, kamba ce. In ta yi kwari-kwari a zagaye, shokozoba ta mutu. In tsakiya ce ta cinye, iska ta yi yawa, abin da ke yawan faruwa idan mai faci ya buga ta da ido maimakon bin lambar da ke manne a jikin ƙofar direba. Karkarwar sitiyari a wajen gudun 100 kuwa ba ruwan alaimen, balansin ne ko rim ya lanƙwashe.

Irin ƙafar motarka ita ke faɗin abin da za a iya gyarawa. Accord daga 2003 zuwa 2012 na da hannu biyu, sama da ƙasa, a gaba, da hannaye da yawa a baya. Irin wannan ƙafa da an sauke ta take yin gwame da sauri, musamman baya, kamfani kuma bai sa wurin saita kamba ba, to-in kaɗai ake murɗawa. Duk mai son kwantar da EOD ya sa kuɗin hannun baya mai saiti cikin lissafinsa tun farko. Corolla ta waɗannan shekarun da Golf 3 kuwa gindinsu sanda ɗaya ce ta haɗa tayoyin biyu, canjin tsayi bai cika taɓa ta ba, amma babu abin murɗawa a jikinta. In na'ura ta nuna baya ya kauce, sandar ce ta lanƙwashe. A gaba, Golf 3 na da sararin saita kamba a kusoshi biyun da suka haɗa shokozoba da ƙafa, Corolla kuma ana sa mata kusa ta musamman mai ɗan ƙusumbi. Fijo 406 da Camry da BMW duk ana saita bayansu, kuma daga baya ake farawa. Idan baya ya karkace, mota tafiyar kaguwa take yi, komai gyaran da aka yi wa gaba sitiyari ba zai miƙe ba.

Sai zaɓi na ƙarshe, zare ko kwamfuta. Mutane na raina mai zare, ni ban raina shi ba. Masu tseren mota a Turai har gobe da zare suke saita to-in. In aka ja zare biyu a gefen mota, aka tabbatar tazararsu ɗaya ce gaba da baya, aka daidaita su da tsakiyar kowace ƙafa, aka auna da rula daga zare zuwa leɓen rim gaba da baya, ana samun daidaito har rabin milimita. Abin da ba na yarda da shi shi ne a naɗa zare a jikin tayar baya a ja shi zuwa ta gaba a duba da ido. Faɗin ƙafar gaba da na baya ba ɗaya ba ne a yawancin motoci, gefen taya kuma na da rubutu da kumburi. Kamba ma ana iya aunawa da zare mai ɗaure da noti a ƙasa: bambancin milimita 7 zuwa 8 tsakanin saman rim 16 da ƙasansa digiri ɗaya ne.

Kwamfuta ta fi zare da abu uku: tana ganin ƙafafu huɗu lokaci ɗaya, tana auna kasta, tana ba ka takarda. Ga motar da aka canza wa tsayi, ko wadda ta taɓa haɗari, ita nake zaɓa a karon farko. Amma hannun da ke riƙe da ita shi ne komai. Na'urar da aka daɗe ba a daidaita ta ba, ko dandamalin da ya karkace, ƙarya za su yi maka da lambobi masu kyau. Ka tsaya ka ga sun zaɓi ƙirar motarka da shekararta daidai, domin Accord ta Amurka da ta Turai motoci biyu ne daban. Ka ga sun gwada iska kafin su fara, sun tura motar gaba da baya ko sun juya tayoyi don na'urar ta cire karkatar rim, sun kulle sitiyari a tsakiya. In yaron shago ya ce, "Oga, ai duk ya yi kore," ka nemi ganin lambobin. Koren na da faɗi, taya ɗaya na iya zama a wannan bakin ɗayar a wancan, dukansu kore, mota kuma tana ja. A lura kuma, wasu na'urori da digiri da minti suke rubutu: 0°30' rabin digiri ne.

Ga motar hawa ta kullum mai ja da gaba, abin da nake nema ke nan. Gwamen gaba tsakanin rabin digiri zuwa ɗaya, na baya kada ya wuce ɗaya da rabi, bambancin hagu da dama kada ya kai rabin digiri. Gaba a ajiye shi sifili ko dab da shi. Baya a ba shi to-in kaɗan, kamar milimita 2 jimilla, kada a taɓa barin sa a buɗe, domin gindin da ke da to-awut shi ke juyawa da mutum a kwana ranar ruwa. Masu ja da baya, BMW da Marsandi, su bi littafinsu, yawanci suna son ɗan to-in a gaba ma.

Jerin aikin shi ma yana da muhimmanci, a nan gareji da yawa ke tuntuɓe. A fara da canza duk bushin da boljoyin da tayirod da suka yi lako-lako, domin ba a saita ƙafar da ke rawa. A sa sifirin ko sifesa. Sannan, wannan a riƙe shi da kyau, kusoshin da suka ratsa bushin roba kada a ƙarasa ɗaure su mota na rataye a jak. A sauke ta nauyinta ya hau tayoyi tukuna. In an ɗaure a sama, robar na zama a murɗe kullum, sabon bushin ya tsage cikin 'yan watanni a ce jabu ne. A yi saitin wucin gadi ranar, a hau motar mako ɗaya ko biyu sifirin ya zauna, a sake awo da tef, sannan a je alaimen na gaskiya da rabin tanki da kayan da ke zama a but kullum. A ƙarshe a gyara fitilun gaba a jikin bango, tunda tsayi ya canza inda suke haskawa.

In bayan duk wannan mota na ɗan zamewa dama a hankali, kada a yi saurin komawa. Tun 1972 da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, gangaren da ake yi wa titi don ruwa ya sauka dama yake kai mu. In ja ne mai ƙarfi, a musanya tayoyin gaba, ta hagu ta koma dama. Jan ya juya ko ya ɓace, laifin taya ne, abin da aka saba gani idan an haɗa tayoyin Beljiyam masu suna daban-daban a ƙafa ɗaya.

Abokin aikina ya sa sababbin sifirin a baya, ya ƙara sifesa ta milimita 20 a ƙafafu huɗu da faranti a ƙarƙashin inji, aka saita masa gaba. Ɗan yayata ya canza tayoyin zuwa 225/45, ya zo ya tsaya nesa yana kallon motar ya ce, "Kawu, ta ragu, amma har yanzu da saura." Mun yi da shi cewa in damina ta wuce ransa bai sauka ba, zai nemi sifirin na milimita 25 mai lambar motarsa, ba kuma za a kwance ko kusa ɗaya ba sai hannayen baya masu saiti sun iso hannunsa. Kafin nan na ce ya loda abokansa huɗu ya shiga layin gidansu a hankali, ya saurari abin da cikin motar zai yi a kan tudun bakin masallaci.